Tsufa a Baƙunta: Labarin Dattawan Mishan a Adjamé da Treichville

Shirinmu na tarihi na wannan mako tambaya ce ta haife shi. Wani bawan Allah da ke kai raguna kasuwar dabbobi a Abijan duk gabanin Babbar Salla ya bugo mana waya, ya ce: "Ɗana, akwai abin da ke ɗaure mini kai. In na shiga Adjamé sayen tsaraba, nakan ga wasu tsofaffin Turawa, miji da mata, furfura fat, da ɗan baƙin allo maƙale a ƙirji, suna tayin atamfa da gurguwar Faransanci. Mutum ya tsufa, ga jikoki, ga fansho, me ya fito da shi daga gida?" To Baba, mun ji, ga amsa gwargwadon abin da tarihi ya riƙe.

Waɗannan mutane 'yan mishan ne, masu aikin yaɗa addinin Kirista, amma rukunin dattawa: ma'aurata da suka yi ritaya, suka aurar da 'ya'ya, sannan suka ɗaura kaya suka taho wata ƙasa na ɗan lokaci. Mu faɗa tun da wuri, nan ba filin wa'azi ba ne, kowa ya riƙe addininsa. Abin da ya kai mu ga labarinsu shi ne baƙunta. Mu ma mutanen hanya ne, kuma akwai iyayenmu da yawa da furfura ta riske su a Abijan. Yadda wani ya tsara zamansa a ƙasar mutane abin dubawa ne a gare mu.

Bari mu fara da garin kansa. Faransa ta kafa mulkin mallakarta a Kwaddebuwa a 1893, da hedkwata a Grand-Bassam, bakin teku. A 1895 limaman Katolika suka sauka can. A 1899 annobar shawara ta faɗa wa garin, ta kashe Turawa da dama, har da 'yan mishan. Wannan ya sa aka kwashe hedkwata zuwa Bingerville a 1900, daga baya zuwa Abijan a 1934. Layin dogo da aka fara a 1904 sunansa Abijan-Nijar. Ya kai Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954. Har yau bai taka Nijar ba, sai dai sunan. Turawa suka zauna a kan tudun da ake kira Plateau. Baƙar fata kuwa aka ware musu gefe biyu: Treichville a kudu, ƙetaren ruwa, da Adjamé a arewa. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, sai unguwannin nan biyu suka cika maƙil da 'yan cin rani.

Hausawa ba baƙin ƙasar ba ne. Tun kafin zuwan Turawa, fataken goro na kaiwa har Bonduku, a arewa maso gabashinta. Da Abijan ta bunƙasa, jikokinsu suka gangaro, tare da Zabarmawa, Mosawa, Jula da Yarabawa. Shaidar zamanmu tana cikin kwanon abincin garin: aceke da soyayyen kifi da kowa ke ci da hantsi sunansa garba, domin 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi.

A nan ne labarin fatake ya haɗu da na mishan. Yarabawa 'yan kasuwa, musamman mutanen Ejigbo da Ogbomosho, sun taru a Treichville da Adjamé. A cikinsu akwai Musulmi, akwai Kiristoci 'yan ɗarikar Baptis. Kiristocin ba su jira wani Bature ba: suka kafa wuraren ibadarsu da kuɗin kasuwarsu, suna yi da Yarabanci. Sai a 1966 'yan Baptis na kudancin Amurka suka turo wasu ma'aurata, John Mills da matarsa Virginia, waɗanda suka daɗe suna aiki a Nijeriya. Kun ga ke nan, ɗan kasuwa ne ya share hanya, ɗan mishan ya biyo sawu. Abin da aka zo nema shi ne a buɗe ƙofa ga 'yan ƙasa, waɗanda ba sa jin Yarabanci, ta hanyar Faransanci.

Su kuwa masu baƙin allo a ƙirji da Baba ya gani, galibi 'yan ɗarikar Mormon ne, mai hedkwata a birnin Salt Lake na Amurka. Wannan ɗarika ta daɗe ba ta ba baƙar fata muƙamin addini. A watan Yuni na 1978 ta janye wannan doka. Kafin shekarar ta ƙare ta aiko dattawa ma'aurata gida biyu zuwa Nijeriya da Gana: Rendell Mabey da matarsa Rachel, da Edwin Cannon da matarsa Janath. Can ma sun tarar da masu jiransu, irin su malamin makaranta Anthony Obinna a gabashin Nijeriya, wanda ya shekara da shekaru yana rubuta wasiƙu yana neman a zo. A Kwaddebuwa ma haka aka yi. 'Yan ƙasa da suka shiga ɗarikar a Turai su ne suka fara: iyalin Lucien Affoué da suka komo daga Faransa, da iyalin Philippe Assard da suka komo daga Jamus a 1986. A cikin falon gida suke taruwa. Sai a 1988 dattawan mishan na farko, Barnard Silver da matarsa Cherry, suka iso Abijan.

To, yaya irin waɗannan dattawa ke wuni? Abu na farko, ba a biyan su albashi. Da kuɗin fanshonsu da abin da suka tara suke ci da sha, kuma wa'adinsu daga wata 6 ne zuwa wata 23. Ana kiran mijin Elda, wato dattijo. Samarin ɗarikar da kuke gani bibbiyu da farar riga su ne masu bin gida-gida. Aikin tsofaffi daban ne. Wani akawu ne a da, sai a ba shi lissafin kuɗi da biyan hayar ɗakunan samarin. Wata ma'aikaciyar jinya ce, ita ake bugo wa waya in zazzaɓi ya kama yaro. Wasu suna koyar da karatu ko Turanci, wasu suna bin aikin rijiya da rabon keken guragu. Ran Lahadi sukan zaga majami'u.

Kwanansu galibi ba a Adjamé ba ne, a unguwanni masu shiru ne irin su Cocody. Amma kasuwa ba ta barin kowa. Safiya na farawa da addu'a da karatu, da ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da ruwan da aka tace. Ba sa shan shayi, ba gahawa, ba taba, ba giya, haka ƙa'idarsu ta ce. Saboda haka in mai shayi a Treichville ya miƙa wa tsoho kofi ya ce ya gode, kada ya ɗauka raini ne. Daga nan sai gwagwarmaya da cunkoso: gbaka ta sha gaba, woro-woro ta tsaya tsakiyar titi, gadojin da ke haɗa Plateau da Treichville sun cushe. In daminar Yuni ta sauko, ruwa ya malale hanya, aikin sa'a ɗaya sai ya cinye wuni. Ga harshe: koyon Faransanci bayan shekara 60 ba wasa ba ne, balle Faransancin kasuwar Adjamé da ya gauraye da Julanci. A zamanin su Silver wasiƙa kan yi makonni a hanya. Yau jika na haihuwa a Amurka, kaka na kallon jinjiri ta WhatsApp, amma ba ta goya shi. Wannan kewar, duk wanda aka yi wa suna a gida yana Abijan ya san ɗacinta.

Abin lura shi ne, duk kuɗinsu ba sa iya motsi sai da ɗan gari. Shi ke nuna musu hanya, shi ke fassara, shi ke faɗa musu ainihin farashi, shi ke raka su ofishin takardu. Mu a harkar shanu da goro muna da sunan wannan mutum: mai masauki, ko fatoma. Shi ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya haɗa shi da mai saye. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, Bature ne shi ko Bafillace.

Amma akwai inda hanyarmu da tasu ta rabu, kuma ranar tashin hankali ake ganinsa. A watan Yuni na 1989 gwamnatin Rawlings a Gana ta dakatar da ɗarikar Mormon, ta sallami baƙin 'yan mishan ɗinta, ba a janye dokar ba sai ƙarshen 1990. Takarda ɗaya ta tashe su. A Kwaddebuwa kuwa, ran 19 ga Satumba 2002 yaƙi ya ɓarke, ƙasa ta rabu biyu. Cikin 'yan kwanaki sojojin Faransa suka kwashe 'ya'yan 'yan mishan daga makarantarsu ta kwana da ke Bouaké. A Abijan kuwa aka shiga rushewa da ƙone unguwannin marasa galihu inda baƙi 'yan Afirka ta Yamma suke. A Nuwamba 2004 aka sake kwashe dubban Turawa ta jirgin sama. Rikicin bayan zaɓe na 2010 zuwa 2011 ya ci rayuka kimanin 3,000, kuma an tare baƙi 'yan arewa a shingaye saboda sunansu kawai. Ɗan mishan yana da ofishin jakadanci da ya san da zamansa, da tikitin komawa. Mai garba da mai raguna, wasu suka bi manyan motoci suka bar dukiya, wasu suka kulle ƙofa suka yi ta addu'a.

Da baƙin suka tafi, majami'un ba su rufe ba, 'yan ƙasa suka ci gaba da riƙe su, har ɗarikar Mormon ta buɗe babban ɗakin ibadarta a Cocody a watan Mayu na 2025. Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Su dattawan nan sun san su raɓa ne, kuma a kan haka suka tsara komai: kafin su fito likita ya duba su, sun san wanda zai tarbe su, sun san ranar komawarsu, sun san wanda za su miƙa wa aiki.

Ba mu ce mu yi daidai da mai fansho na dala ba. Amma dubi namu. Yaro ya tafi cin rani na wata 6, ya waiwayo ya ga shekara 40. Rumfa da sunan wani, bashi a baki ba a rubuce ba, 'ya'ya an haife su a Adjamé babu takardar haihuwa ta nan ko ta can. Tsofaffinmu sun tuna wahalar katin zama da aka ɗora wa baƙi a farkon shekarun 1990, wanda ba a ɗauke wa 'yan ƙungiyar CEDEAO ba sai 2007. Sun tuna Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Yanzu kuma Nijar da Mali da Burkina sun fice daga CEDEAO a Janairu 2025. Dokar baƙunta ba ta zama wuri ɗaya, kuma tsoho ne ya fi shan wuya in ta juya.

Saboda haka, Baba mai raguna da sauran iyayenmu, abin da ba ya bukatar dala mu yi shi. A yi katin ofishin jakadanci, a san da zamanka. A riƙe katin allurar shawara tare da takardun tafiya. A yi wa yara takardar haihuwa. Bashi da ajiya a rubuta, da shaidu biyu, mai masauki ya riƙe kwafi, gida su riƙe kwafi. Kuma mai gida da uwargida su zauna su yanke: a ina za mu ƙare kwanakinmu, wa za mu bar wa rumfa?

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, layukanmu a buɗe suke ga dattawan da suka yi zaman Treichville ko Adjamé suka komo gida. Ku bugo ku faɗa mana abin da kuka komo da shi da abin da kuka baro. Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu gama lafiya. Mu kwana nan.