Ciki da ƙarfin namiji: daga kasuwar Barmu zuwa ɗakin bincike

Duk wanda ya ratsa kasuwar Barmu, ko kasuwar Lahadi ta Tawa, ya san shimfiɗar mai magani: sassaƙen marke, ganyen sabara, ƴaƴan bagaruwa, kowane ƙulli da kirarinsa. Idan magidanci ya rage murya ya kawo kukan raunin mazakuta, tambayar farko da ake yi masa ita ce ta ciki. A ilimin bokayen Adar, kamar na sauran ƙasar Hausa, basir da ɗankanoma da taurin bayan gida su ne ɓarayin ƙarfin namiji. Shi ya sa ake fara wanke ciki kafin a ba da maganin maza.

Wannan ilimi ya daɗe a baka kafin ya shiga takarda. A 1980 ayarin masana a ƙarƙashin Edouard Adjanohoun ya wallafa kundin itatuwan magani na Nijar, aka jera sunayensu na gida da amfaninsu.

A Turai, sai da madubin likita ya samu aka soma gane abin da ke cikin hanji. A 1885 Theodor Escherich ya bayyana wata ƙwayar halitta mai zama a hanjin mutum, wadda daga baya aka raɗa wa suna E. coli. A 1907 Elie Metchnikoff, na Cibiyar Pasteur ta Faransa, ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan nono mai tsami. Da Fulanin arewacin Adar sun ji shi, da ba su yi mamaki ba. Shekara ɗari bayan haka, a 2007, Amurka ta ƙaddamar da babban shirin ƙidayar ƙwayoyin da ke zaune a jikin ɗan Adam.

To, mene ne haɗinsu da namiji? Furostat wani ƙululu ne mai girman ɗan goro, yana ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye hanyar fitsari, ya jingina da ƙarshen hanji. Maƙwabtakar nan ce ke sa a ɗauki ciwonsa a matsayin basir. Idan kuwa ƙwayoyin cuta suka kumbura shi, galibi E. coli ce, baƙuwa daga hanji. A 2021 ayarin Andrea Alimonti a Suwizalan ya nuna cewa wasu ƙwayoyin hanji na iya haɗa sinadarin maza, har su ciyar da dajin furostat a lokacin da likita ke ƙoƙarin hana shi sinadarin.

Ashe kakanni sun hango hanya. Amma alaƙar ciki da mazakuta daban, ingancin kowane ƙulli daban. Furostat na ƙara girma da shekaru, kuma dattijon da fitsari ke yi wa gardama, ko yake tashi sau da yawa cikin dare, idan ya shekara yana jiƙa sabara da sunan basir, yana iya isa asibitin Tawa a makare. Haka nan kafson da ake saye a tire barkatai yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, ya bar masu taurin kai.

Aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne su rubuta ilimin tsofaffi tun suna raye, su kuma cire wa maza kunyar zuwa gwaji. Hausawa dai sun ce mai ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi.