Sahihancin Tarihin Baka a Binciken Masu Zubin Kaskon Ƙarfe na Amurka

1.0 Gabatarwa

Tun da Jan Vansina ya wallafa littafinsa a kan tarihin baka a 1961, masana tarihin Afirka suka duƙufa wajen fito da hanyoyin tantance abin da aka ji daga bakin magabata. Wannan maƙala za ta gwada waɗannan hanyoyi a wani fage na daban, wato tarihin kamfanonin Amurka masu zubin kasko da tukwanen baƙin ƙarfe. An zaɓi fagen ne domin a nan ana iya ajiye labari kusa da kaskon da ake labarinsa, a ga inda suka dace da inda suka saɓa.

2.0 Kamfanonin

An kafa kamfanin da daga baya ya zama Griswold a garin Erie na jihar Pennsylvania a 1865, sai Wagner a garin Sidney na jihar Ohio a 1891. A 1896 Joseph Lodge ya buɗe masana'antar Blacklock a South Pittsburg ta jihar Tennessee. Gobara ta cinye ta a 1910, aka sake gina ta da sunan Lodge, wanda har yau yana aiki. Da yawa daga cikin kaskon da waɗannan kamfanoni suka zuba gado ne a gidaje, kuma kowanne da labarin da ake bayarwa a kansa.

3.0 Inda Baki ke Tuntuɓe

Raunin labarin gida ya fi fitowa wajen shekara. A 1991, don bikin cikar Wagner shekara 100, an zuba kasko mai ɗauke da tambarin "Wagner's 1891 Original". Masu gado da yawa sukan ɗauka 1891 ita ce shekarar zubinsa, sai su jingina shi ga kakannin kakanni, alhali an yi shi ne shekara 100 bayan haka. Haka kuma, an rufe masana'antar Erie a 1957, sunan Griswold ya koma hannun masu Wagner, aka ci gaba da buga shi a kan kayan da aka zuba a Sidney. Ke nan mai cewa kaskonsa na Griswold ne ya faɗi gaskiya, amma idan ya ƙara da cewa daga Erie ya fito, tilas a bincika.

David Henige ya nuna irin wannan matsala a tarihin Afirka a 1974: baki yakan matse zamani ko ya ja shi. Ya kuma yi gargaɗi cewa abin da mutum ya karanta yakan koma bakinsa ya fito a matsayin abin da ya ji. Wanda ya karanta littattafan masu tara kasko kafin a yi hira da shi yana iya faɗawa wannan tarko.

4.0 Inda Baki ke da Ƙarfi

Duk da haka, kasko da yawa ba su da suna ko kaɗan. Kamfanin Birmingham Stove and Range na jihar Alabama yakan manna sunan kayansa a takarda, wadda ke tafiya da wankin farko. A irin wannan hali tsohon ma'aikaci shaida ne babba, domin shi ya san yadda ake danna yashi a mazubi, da yadda ake goge cikin kasko, da ma'anar ƙananan haruffan da ke gindinsa. Abin da hannu ya maimaita shekara da shekaru ba ya saurin ɓacewa daga ƙwaƙwalwa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa tarihin baka abin dogaro ne a kan yadda aka yi aiki, amma mai rauni ne a kan lokaci da wuri. Don haka ya wajaba manazarci ya bambanta wanda ya gani da wanda ya ji, ya tambayi mai ba da labari inda ya samo shi, sannan ya auna maganar da kaskon kansa da kuma kundin tallar kamfani. Alal misali, tabon layi a gindin kasko, wanda mashigar narkakken ƙarfe ke bari, alama ce ta tsohuwar hanyar zubi da aka fi amfani da ita a ƙarni na 19. Idan labari ya ci wannan gwaji, ya cancanci shiga tarihi.