Wuyan Raƙumin Dawa da Tarihin Gano Dangi

Ƴan uwa ɗalibai, raƙumin dawan nan na Kure, kusa da Yamai, ƙashin wuyansa guda 7 ne. Na ɓera ma 7. Naka kai mai karatu, 7. To, ƙaƙa aka yi haka? Amsar ta ɗauki masana sama da shekara ɗari.

A 1758 wani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya tara dabbobi masu shayarwa cikin gida ɗaya, ya raɗa musu suna Mammalia, daga kalmar Latin "mamma", wato nono. Ya fidda balen, ƙatuwar dabbar teku, daga cikin kifaye, don tana shaƙar iska, tana shayar da ɗanta. Jemage kuwa, duk da tashin da yake yi, yana cikin gidan.

A 1843 Richard Owen na Ingila ya bambance kama iri biyu. Fiffiken jemage da na fara aikinsu ɗaya, ginin daban. Amma fiffiken jemage da hannun mutum gininsu ɗaya: ƙashi guda a dantse, biyu a gaba, sannan yatsu 5. Owen ya ɗauka tsari ne kawai da halitta ke maimaitawa. Sai a 1859 Charles Darwin ya ce gado ne: kaka ɗaya ya bar wa jikoki, kowa ya sarrafa nasa.

Masu nazarin harshe sun san wannan aiki sarai. "Mama" ta Hausa da "mamma" ta Latin sun yi kama, amma bakin jariri ne ya haife su, ba shaidar dangi ba ce. Kama da wane ba wane ba ne. "Mutu" kuwa da "mata" ta Larabci gadon tsatso ɗaya ne.

Akwai masu saɓa ƙa'ida fa. Ayu na kogin Kwara ƙashin wuyansa 6 ne. Ko ya fita dangi ke nan? A'a, shaida ɗaya ba ta yanke hukunci. Yana shayarwa, yana da gashi jefi-jefi, yana da ƙananan ƙasusuwa 3 a cikin kunne kamar mu. Binciken ƙwayoyin gado na shekarun 1990 ma ya tabbatar da cewa giwa tana cikin danginsa na kusa.

Shi ya sa mai neman asali, na dabba ko na kalma, ba ya tsayawa ga fuska. Sai ya tara shaidu, ya tona har ƙashi.