Motsa jiki bayan tiyatar rage ƙiba: me ya sa sai da mai sa ido?

Yanzu ba baƙon abu ba ne ka ji an ce Alhaji wane ko Hajiya wance an tafi Indiya, Turkiyya ko Masar a yi tiyatar rage ƙiba. Akwai ma asibitocin kuɗi a Legas da Abuja da ke yin ta. Mutum ya dawo, a yi masa barka, bayan wata shida ka gan shi ka kasa gane shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ramar nan ba kitse kaɗai take ci ba. Tana haɗawa da tsoka, har da ƙashi.

Ni a kara na tashi, kuma duk ɗan kara ya san saniyar da rani ya cinye. Ba kitse kawai ta zubar ba, naman cinya da na gadon baya sun tafi, in ta kwanta sai an taru an ɗaga ta. To irin wannan ramar ce likitoci ke gudar wa wanda aka yi wa tiyata, kuma babban makaminsu shi ne motsa jiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararre.

Wace ce tiyatar, wa ake yi wa?

Ana auna ƙiba da ma'aunin BMI. Za ka ninka tsayinka na mita da kansa, sai ka raba nauyinka na kilo da abin da ya fito. Misali mai tsayin mita 1.7 da nauyin kilo 120: 1.7 sau 1.7 ya ba da 2.89, in an raba 120 da shi a samu 41.5. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 30 zuwa sama ƙiba ce, daga 40 kuma ƙiba mai tsanani. Hukumar ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba.

Ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ta ce a yi tiyatar ga mai BMI 40, ko mai 35 da ke da ciwo irin su suga ko hawan jini. A 2022 ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta: 35 ya isa ko ba wani ciwo, kuma ana iya duba mai 30 zuwa sama in yana da ciwon suga.

Iri biyu aka fi yi. Na farko a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar siriri kamar ayaba. Na biyu a ware ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbin a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran. Yawanci ba a farke ciki, ta 'yan ƙananan huji ake aikin da kyamara.

Abin da jiki ke zubarwa

Galibi mutum kan zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa, kuma ramar kan kai ƙarshe tsakanin wata 12 zuwa 18. A cikin abin da ya zube, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ba kitse ba ne, tsoka ce da ruwan jiki da makamantansu. An fi yin wannan asarar a wata ukun farko, lokacin da mutum ba ya iya cin abin kirki.

Me ya sa abin damuwa ne? Tsoka ce ke ɗaga ka daga tabarma, ita ke hawa da kai bene, ita ke riƙe gwiwa da baya. Ita ce kuma ke zuƙe mafi yawan sugan da ke cikin jini bayan an ci abinci, tana ƙona abinci ko kana zaune. In ta ragu, jiki zai rage ƙonawa. Shi ya sa in cin abinci ya fara dawowa bayan shekara ɗaya ko biyu, wasu sai ka ga ƙibar na lallaɓowa, kuma abin da ke dawowa kitse ne. Ƙashi ma na yin laushi, musamman a tiyata iri na biyu, don hanji ba ya tsotsar kalsiyam da bitamin D kamar da.

Me ake nufi da sa ido?

Ba wai a ce maka "ka riƙa yawo" a sallame ka ba. Likitan gashin ƙashi, wanda ake ce wa fisiyo, ko wani ƙwararren motsa jiki da ke aiki tare da likitanka, shi zai fara gwada ka: hawan jini, bugun zuciya, suga, lafiyar gwiwa da baya, da nisan da za ka iya takawa cikin minti shida. Daga nan ya tsara maka aiki daidai ƙarfinka, ya tsaya a kanka kana yi, yana gyara tsayuwarka, yana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, yana rubutawa.

Dalili shi ne, wanda ya daɗe da ƙiba mai tsanani sau da yawa yana da ciwon gwiwa, ko suga, ko matsalar zuciya da bai ma sani ba. Ga kuma magani: bayan tiyata suga da hawan jini kan sauka da wuri, in aka ci gaba da shan tsohon adadi aka haɗa da motsa jiki, mutum na iya yanke jiki ya faɗi. Likita ne zai rage maganin, ba kai ba.

Abin da bincike ya nuna

A Amurka an wallafa wani bincike a 2015 kan mutum 128 da aka yi wa tiyata iri na biyu. An sa rabi motsa jiki na aƙalla minti 120 a mako har wata shida. A kan sikeli kusan duk ɗaya suka rame, amma masu motsa jikin sun fi ƙarfin numfashi, kuma jikinsu ya fi iya sarrafa suga.

A garin Lesta na Ingila, a wani binciken da aka wallafa a 2017, an gwada mutum 24 da suka yi shekara ɗaya zuwa biyu da tiyata. Rabi sun yi awa ɗaya sau uku a mako har mako 12 da mai sa ido. Su tafiyarsu ta ƙara ƙarfi, nauyinsu ya ɗan ragu, sauran kuwa nauyinsu ya ɗan ƙaru. A Sao Paulo ta Brazil kuma an ga matan da suka yi wata shida suna horo ƙashinsu bai zube kamar na waɗanda ba su yi ba.

Wato dai, kada ka auna amfanin da sikeli kawai. Ribar tana cikin ƙarfi, da ƙashi, da suga, da tare ƙibar kada ta dawo.

Mataki-mataki

Ranar tiyata ko washegari: ma'aikatan jinya za su tashe ka ka taka a cikin asibiti, don kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

Mako huɗu zuwa shida na farko: tafiya kawai, minti biyar zuwa goma sau da yawa a rana, ana ƙarawa a hankali. Ban da ɗaga abin da ya wuce kamar kilo 5, don kada ɗinki ya buɗe ko hanji ya turo. Ka tuna jakar fiya wata mai leda 20 kilo 10 ce, ta wuce ƙa'ida. Ban da iyo sai huji ya warke.

Bayan likita ya ba da izini: a fara gina tsoka. Tashi da zama daga kujera, tura bango, jan roba mai talewa, ɗaga ƙaramin ƙarfe ko gorar ruwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Inda ake so a kai shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa manya a 2020: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin gina tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaici shi ne kana haki amma kana iya magana. Mai ciwon gwiwa keken tsaye ko tafiya cikin ruwa ya fi masa gudu.

Ruwa, abinci da azumi

Mun san gumin kudu. Tumbin ya zama ƙarami, ba ka iya kwankwaɗar ruwa lokaci guda, don haka kurɓa-kurɓa ake yi duk yini, aƙalla lita ɗaya da rabi, wato ledar fiya wata uku. Ana raba ruwa da abinci da kamar minti 30. A fita da sanyin safiya ko bayan la'asar.

Tsoka ba ta ginuwa sai da furotin, aƙalla giram 60 a rana. Ƙwai ɗaya na da kamar giram 6. Akwai kifi, kaza, wake, nono da nama maras kitse idan an kai matakin cinsu. Lemon kwalba da shayi mai suga da yawa na iya jawo jiri, gumi da zawo, musamman a iri na biyu. Bitamin ɗin da aka rubuta maka, irin su B12 da maganin ƙarin jini, na har abada ne. Batun azumin Ramadan kuwa, likitoci da yawa kan ce a dakata a watannin farko, sai ka tambayi naka kafin wata ya kama.

Alamun da za ka tsaya

Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, bugun zuciya da ya ƙi sauka bayan hutu, kumburi ko ciwo a ƙafa ɗaya, amai da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, ko ƙullutu a wajen ɗinki. In ka ga ɗaya daga ciki, asibiti nan take, ba kemis ba.

A ina za a samu a nan?

Asibitocin koyarwa irin su LUTH da ke Idi-Araba a Legas, UCH a Ibadan, UBTH a Benin da UPTH a Fatakwal duk suna da sashen gashin ƙashi. Hukumar MRTB ce ke yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya, kuma kana da damar tambayar lasisi. Mai horarwa a gidan motsa jiki na unguwa zai iya taimakawa daga baya, amma da takardar fisiyo a hannunsa. Hajiyoyinmu na iya neman mace ta kula da su.

Wanda zai fita waje yin tiyatar, ya karɓo cikakken rahoton aikin da aka yi masa kafin ya baro can, ya kuma ware kuɗin kulawar bayan dawowa tun yana lissafin tikiti. Mu kuma 'yan uwa, in namu ya fito tafiyar safe, mu raka shi maimakon tsokana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.