Gidan Gado a Kano: Wa Ke Cutuwa Idan An Ƙi Rabawa?

A cikin birnin Kano akwai gidajen da masu su suka rasu tun zamanin Sarki Alhaji, amma har yau ba a raba su ba. Idan ka tambayi dalili, sai a ce ana kiyaye zumunci ne. Ni kuwa ina ganin wannan ɗabi'a daga gandu ta samo asali, kuma mata ne suka fi shan wahalarta. A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya, shi ya biya musu haraji ya yi musu aure. In ya rasu, babban wa ya gaje shi, aiki ya ci gaba. 'Ya mace tana gidan miji, abin da ake ba ta bai wuce ɗan hatsi bayan kaka da alkawarin ɗaki in aure ya mutu ba. Lokacin da daji yake da yawa, gona ba ta da wani farashi, ba a ga asarar da ta yi sosai ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya, ƙasa ta fara zama kuɗi, duk da cewa dokar Turawa ta 1910 ta ce filayen Arewa suna hannun Gwamna ne a madadin jama'a. A 1923 Sarki Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, bisa hujjar cewa masu samun gida na kansu suna faɗawa karuwanci. Hukuncin ya zauna shekara 31, sai a 1954 Sarki Sanusi ya soke shi, yana duban halin da tsofaffin mata marasa galihu suka shiga. Abin lura shi ne Suratun Nisa'i ba ta sauya ba tsakanin sarakunan biyu, kuma alƙalan Malikiyya sun san kason 'ya da na matar mamaci sarai. Siyasa da al'ada ne suka rufe ƙofar, su ne kuma suka buɗe ta. Hanin ya tafi, amma ya bar saura, domin ɗan'uwan da ba zai iya cewa “ba ki da gado” ba, yana iya cewa “a dakata tukuna”, ya ci gaba da zama a gidan yana karɓar kuɗin hayar shaguna.

Masu kare jinkiri suna da hujja mai nauyi. Gonar da aka yanka kashi goma ba ta ciyar da kowa, kuma a karkarar Kano mai cunkoso, irin Ɗorayi a lokacin da mai bincike Polly Hill ta yi nazari a kanta, ƙanƙancewar gonaki gaskiya ce. Gidan da aka sayar wa baƙo kuma, zuri'a ta rasa mahaɗa. Sai dai fiƙihu bai ce dole a kawo igiya a tsaga zaure biyu ba. Ana yi wa gida kima da kuɗi, kowa ya san kasonsa, mai hali ya sayi na 'yan'uwansa. Idan wani ya sayar da nasa kason ga bare kafin a raba, sauran suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya abin da baƙon ya biya su karɓe. A mazhabar Malik abokin tarayya ne kaɗai ke da wannan haƙƙi, maƙwabci ba ya ciki, ga shi kuma yana faɗuwa idan mutum ya sani ya yi shiru har shekara ta zagayo. Da wannan, gida na iya zama a hannun dangi ba tare da an danne kowa ba.

Jinkiri ma shi ke jawo sayarwar da ake gudu. Magada shida su mutu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya bar nasa magadan, lissafi ya koma abin da malamai ke kira munasaha, gado cikin gado. Ranar da jikoki arba'in suka tsaya gaban alƙali, kason kowa bai kai faɗin tabarma ba, ba wanda ke iya sayen na saura, kotu ba ta da mafita sai ta sa dillalai su nemo mai saye.