Daga gaban kyamara zuwa bayanta: labarin Katung

Ƴan uwa ɗalibai, musamman na KASU Kafanchan da Gidan Waya masu cinye data a kan BBNaija, kun san wanda ya fara cin gasar nan ɗan Kudancin Kaduna ne? Katung Aduwak, ɗan Zonkwa. A 2006 ne, lokacin ana ce mata Big Brother Nigeria, ya tashi da dala 100,000.

A irin wannan shiri, ɗan takara ba ya ganin ma'aikata. Suna bayan bango, suna kallonsa dare da rana, murya kawai yake ji. Amma su ke zaɓen kyamarar da za a haska, su ke yanka abin da zai shiga taƙaitaccen shirin. Minti biyu sun isa a mayar da kai jarumi ko munafuki. Ka ga kuwa wannan ba zumunci ba ne, wuƙa da nama suna hannun ɓangare ɗaya.

A ganina Katung ya gano haka da wuri. Maimakon ya zauna cin suna, sai ya tafi Amurka ya karanci harkar fim, ya dawo ya yi aiki da Chocolate City ta Audu Maikori (shi ma namu ne, ɗan Kwoi), ya kuma ba da umarnin fim ɗin Heaven's Hell.

Ebuka ma a gidan nan na 2006 yake, bai ci ba. Da aka dawo da shirin a 2017, shi aka miƙa wa makirfo, yana tsare sababbin ƴan takara da tambayoyi ranar Lahadi.