Hanta, Maɗaciya da Shawara: Tarihin Kalmomin Likitanci a Adar

Ɗan Afala da ya koyi likitanci a Yamai da Faransanci, in ya koma Tawa, sai marar lafiya ya ce masa: "Shawara gare ni." A wannan takarda za mu bi diddigin kalmomin da su biyun ke haɗuwa a kai. A ganinmu, hawa uku ne.

Hawa na farko na mahauta ne: hanta, saifa, maɗaciya ko matsarmama. A jikin dabba aka san su. Mahauci ya san in maɗaciya ta fashe nama ya yi ɗaci, daga nan ma sunan ya fito. Ire-irensu ne Bargery ya tara cikin ƙamusunsa na 1934.

Na biyu na malamai ne. Littattafan Larabci, kamar Al-Ƙanun na Ibn Sina (ya rasu 1037), sun koyar cewa hanta ce ke dafa abinci ta mai da shi jini, kuma lafiya tana ga daidaiton ruwa huɗu: jini, balgam, safra'u da sauda'u. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu 1837) shi ma ya yi rubuce-rubuce kan magani, ga shi Adar na maƙwabtaka da Sakkwato.

Na uku ya zo da Turawa. An buɗe makarantar likita ta Dakar a 1918, asibitin Galmi a 1950. Likita ya koyi "foie" da "ictère", bai koyi yadda zai juya su ba.

Nan ne matsalar take. Shawara alama ce: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja. Kumburin hanta na kawo ta, haka ma tsakuwa a hanyar maɗaciya, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Amma ƙwayar hepatit B, wadda Blumberg ya gano alamarta cikin jini a shekarun 1960, tana iya daɗewa a jiki ido fari fat. In aka fassara ta da "shawara", mai ita zai dubi idonsa ya ce lafiyarsa lau, har hanta ta lalace.

Saboda haka muna ba da shawarar a bar "shawara" ga alama, a ce "ciwon hanta" ga cuta, sannan a tuntuɓi mahauta da ungozomomin Adar kafin a tsara kowane ƙamus.